Kirarin da Na Yi wa Fim Daga Wutsiya

Ranar kasuwar Udubo ce, bayan an gama girbi, wajen ƙarfe goma na hantsi, shekaru kaɗan kafin a ba Arewa mulkin kai. Mu biyu ne a gindin tsamiyar da ke bayan rumfunan masu hatsi: ni, da Bukar direban motar majigi, Babarbaren da aka haifa a Azare. Na ukunmu, Malam Isa mai kunna inji, ya bi motar gyaɗa tun da asuba ya koma Azare don ya karɓo ƙwan fitilar majigi, saboda namu ya ƙone. Ya bar mana gwangwanin fim guda ɗaya, ya ce zai dawo kafin magariba.

Ku da kuke rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin hoton fim a yanzu, na ji kuna cewa aikin minti biyar ne. Ni na yi shekara tara ina yin wannan layin kafin in koma aikin rediyo. Mu kirari muke ce masa, kuma ba a takarda yake zama ba, a bakin mutane yake yawo. Bari in gaya muku yadda ake yinsa, sannan in gaya muku ranar da na yi wanda ya fi kowanne kyau, ya kuma fi kowanne ɓarna.

Lokacin da majigi ya fara zuwa ƙasar Katagum ba a bukatar kirari. Mai shela ya ce, "Majigi ya zo," sai gari ya watse zuwa fili, a kafa farin ƙyalle, a kalli ko mene ne. Da aka yi shekaru ido ya saba, sai aka fara tambaya, "Na mene ne?" In aka ce na tonon masai ne, kowa ya koma kan tabarmarsa. Takardun talla da ke zuwa daga Ikko suna da layi guda na Turanci a ƙarƙashin hoto. Akawu ya fassara, aka karanta a kasuwar Azare, ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Shi ne aka nemi Baba Gambo, tsohon mai shelar kasuwa, wanda ya tsufa yana cigiyar jakuna da sanar da ranar gyaran hanya. Shi ya fara yi wa fim kirari kamar yadda ake yi wa ɗan dambe kafin ya shiga fage.

Shekara uku na yi a bayansa. Dokokinsa uku ne: kirari ya shiga numfashi ɗaya, kada ya faɗi ƙarshen labari, kada ya yi ƙarya. Gwajinsa kuwa ɗaya ne. Ka faɗa wa mai ƙosai a ƙofar gabas ta kasuwa, ka je ka yi azahar, ka zaga ƙofar yamma ka saurara. In ya iso can da ƙafafunsa duka, ya yi. In ya iso da guntu, ka sake.

Aikina na farko fim ɗin sauro ne. Na kwana biyu ina gyara, na zo na tsaya a gabansa na ce, "Ku zo ku ga yadda sauro ke kawo zazzaɓi, da yadda ake maganinsa ta hanyar cike kududdufi."

Ya ce, "Madalla. Ka gama nuna fim ɗin. To su zo su kalli me, fuskarka?"

Ya tauna goro, ya tofar, ya ce, "Ƙaramin baƙo mai kwantar da babban gida." Da yamma fili bai ɗauki mutane ba. Rabinsu sun zo ne da zaton labarin ɓarawo ne, amma ba wanda ya ce an yi masa ƙarya. Na fim ɗin gyaɗa ni na yi, kuma shi ne na farko da bai gyara mini ba: "Gyaɗar da ta hau jirgi ta bar mai ita a gona." Na ji shi a Giade bayan wata biyu a bakin wani mai jaki, bai san ni ne mai shi ba.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Bututun gwangwani mai tsawon hannu, wanda wani maƙeri a Azare ya naɗa mini. Baƙin allo da alli, don masu karatun boko, waɗanda a lokacin ba su da yawa. Gilashin ƙara girma. Faifai fanko guda ɗaya, da sanda mai santsi. Amfanin na ƙarshen nan shi ne abin da ba ku sani ba: mu ba ma kallon fim kafin mu yi masa kirari. Man inji a aune yake, ba wanda ke taɓa injin sai Malam Isa, kuma sau da yawa gwangwanin yakan iso ne a ranar da za a nuna shi. Fim ɗin kansa zare ne mai faɗin babban yatsa, a naɗe a faifai, da ƙananan hotuna a jere kamar tagogin jirgin ƙasa. Sai a zura sanda a tsakiyar faifan, mutum ɗaya ya riƙe, ni ina jawowa ina naɗewa a fankon, ina tsayawa nan da can in ɗaga wa rana in leƙa da gilashi. Daga hoto ashirin ko talatin nake haɗa labari, daga labarin in fitar da kirari. In na gama sai in mayar da zaren yadda na same shi.

Kullum Malam Isa ne ke buɗe gwangwani ya miƙo mini faifan. Rannan ba ya nan, sai na buɗe da kaina. Gwangwanin ya zo ne daga wata motar majigi da ta gama zagaye a wajen Katagum, takardar jikinsa ta goge, bakin zaren ma ya gutsure, ba rubutun komai. Abin da muka sani kawai shi ne fim ne na shanu, kuma malamin dabbobi zai zo da yamma, don gobe za a yi wa garken yankin allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke cikin kwanaki. An riga an kafa shinge a bayan gari.

Bukar ya riƙe sanda, na jawo zare, na ɗaga. Na ga shanu ƙafafunsu a sama.

Na ce, "Bukar, shanunka a kife suke."

Ya ce, "To juya hannunka mana. Ko ni zan kife?"

Na juya zaren, shanu suka tsaya daidai, na ci gaba. Hoton farko, wani makiyayi yana dariya, mace riƙe da ƙwarya cike da nono. Na naɗa. Shanu masu tozo, sun ƙoshi, suna sheƙi. Na naɗa. Wani mai gajeren wando ya danna wa saniya allura a wuya. Wata ma haka. Na naɗa da yawa. Shanu a kwance, hawaye na zuba daga idanunsu. Na naɗa. Ungulu. Hoton ƙarshe, makiyayin nan ya ɗora hannu biyu a ka.

Na ajiye gilashi. Na sake ɗauka na sake dubawa. Haka yake.

Na ce, "Bukar, zo ka gani. Gobe za a yi allura, yau kuma an aiko mu mu nuna allura tana kashe shanu."

Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Ni mota na sani. Amma Bature ba ya rasa dalili."

"Wane dalili?"

"Watakila so yake ya ga mai ƙarfin zuciya."

Na zauna ina juya abin. A lokacin akwai masu yawo ƙauyuka da allurar da ba a san inda suka samo ta ba, suna yi wa mutum da dabba da ruwa iri ɗaya. Na ce watakila su ake gargaɗi a kai. Amma mai allurar cikin hoton da hular ma'aikata yake. Na ce watakila akwai gwangwani na biyu da Malam Isa zai zo da shi, wanda zai warware. Na ce watakila an yi kuskuren gwangwani ne tun daga Katagum. Ko ɗaya bai zauna mini ba. Rana kuwa tana tafiya, kasuwa ta cika, kuma in kasuwa ta watse ba ka yi shela ba, ƙyallen za ka nuna wa karnuka. Sai na koma kan dokokin Baba Gambo. Na ce zan faɗi abin da idona ya gani, ba zan ƙara ba, ba zan faɗi ƙarshe ba. Na mayar da zaren yadda na same shi, na ɗauki bututu.

Na tsaya a kan turmi a tsakiyar kasuwa na ce, "Garke ya ƙoshi, allura ta shigo, ku zo ku ga abin da ya rage!"

Sau uku na faɗa da Hausa, sau uku da Fillanci. Na zaga kara, inda ake cinikin shanu, na sake. Ban taɓa ganin kirari ya kama kamar wannan ba. Kafin in kai rumfar mahauta ya riga ni isa can, da ƙafafunsa duka. Na ga masu tallan nono suna rufe ƙore da faifai suna ɗorawa a ka, tun azahar ba ta yi ba, nonon ma bai ƙare ba. Na ce wa Bukar, "Ka gani? Sun tafi kiran mazajensu."

Ya ce, "Wannan saurin bai yi kama da na kallo ba."

Da la'asar malamin dabbobi ya iso a kan keke, da akwatin magani a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, don maganin ba ya son zafi kuma ba ya jure kwanaki. Bai ko yi sallama ba.

Ya ce, "Wane ne mai bututu a nan?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"Na haɗu da garke huɗu a hanya, duk sun ba gari baya. Na tsayar da wani, ya ce gwamnati da kanta ta yi shela a kasuwa cewa allura na kisa. Wace gwamnati?"

Na ce, "Malam, ni ban ce tana kisa ba. Cewa na yi a zo a ga abin da ya rage."

"Abin da ya rage na me?"

"Na garken."

Ya dube ni, ya dubi Bukar, ya ce, "Ku biyun nan lafiyarku ƙalau?"

Na ce ya zo ya duba zaren da kansa. Na jawo masa, ya leƙa, ya ga abin da na gani a jere yadda na gan shi. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi dai an gaya masa fim ɗin zai taimake shi. Mu uku muka zauna a gindin tsamiya, ba wanda ya san abin da aka aiko shi yi.

Ana kiran magariba Malam Isa ya sauko daga mota. Ya buɗe gwangwani, bai ko ɗaga zaren sama ba, ya ce, "Wane malalaci ne ya bar wannan da wutsiya a waje?"

Na ce, "Wace wutsiya?"

Ya ce, "Fim in an gama nuna shi, ƙarshensa ne ke sama. Sai an sake naɗe shi kansa ke dawowa. Mutanen waccan motar ba su naɗe ba." Sai ya tsaya. "Sule, da ka jawo, ba ka ga hotunan a kife ba?"

Bukar ya ce, "Ya gani. Ni na ce ya juya hannu."

Shekara da shekaru Malam Isa yana miƙo mini faifai a gyare, bai taɓa gaya mini yana gyara wani abu ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Baba Gambo magana ya koya mini, bai san inji ba. A hoto tsayayye kuwa ba ka gane saniya gaba take yi ko baya.

Bayan isha'i fili ya cika har kan katanga. Mutanen gari ne kusan duka. Daga makiyaya, Ardo ne kawai ya zo da dattawa kaɗan, tsoho ne dogo mai farin gemu, shugaban rugagen yankin. Aikina ne in riƙe lasifika in yi bayani yayin da fim ke tafiya. Aka kunna. Makiyayi ya ɗora hannu a ka. Ungulu. Shanu a kwance. Sannan mai gajeren wando ya zo da allura, sannan shanu masu tozo, sannan nono da dariya. Ina bayani ana yi mini ihu daga baya.

"Mai bututu, ɗazu ba haka ka ce ba!"

Sarkin Pawa ya miƙe ya ce, "Ni fa tun azahar nake wasa wuƙaƙe. Wa zai biya ni dutsena?"

Da aka gama na roƙi a saurare ni. Na yi bayanin kai da wutsiya. Na sake yi da Fillanci. Ba wanda ya gane, har ni mai bayanin na fara ruɗewa. Sai Malam Isa ya ce bari ya nuna musu yadda kuskuren ya faru, ido ya fi kunne. Injinmu yana da maɓallin komawa baya. Ya murɗa.

Da bai murɗa ba. Nono ya tashi daga ƙwarya ya koma cikin hantsar saniya. Shanu suka yi ta tafiya da baya. Mai allura ya zuƙe maganinsa daga wuyan saniya ya mayar kwalba. Ungulu suka tashi da baya, kuma wata matacciyar saniya ta karkaɗe jiki ta miƙe tsaye. Fili ya ɗauki salati. Wasu mata suka ja 'ya'yansu suka fita.

Ardo ya ɗaga sandarsa, aka yi shiru.

Ya ce, "Mai bututu, da rana ka ce allura ce ta zo kafin mutuwa. Da dare ƙyallenka ya ce mutuwa ce ta zo kafin allura. Yanzu kuma ya mayar da nono cikin hantsa, ya ta da mushe. Abin da ke tafiya gaba da baya duk yadda aka murɗa shi, shi zan ba shaida a kan shanuna?"

Bukar ya ce, "Baba Ardo, ai Bafillace ko a hannun tela ya ga allura sai ya ɓoye saniya."

Ardo ya ce, "Bawana Babarbare, kai dai tuƙa motarka. Da kana da ko akuya da na saurare ka." Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya juyo gare ni. "Bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa. Ba inji ba. Kana da karsana a garkena, ko ba haka ba?"

Haka ne. Karsana ɗaya ce, ja mai farin goshi, na ba shi kiwo shekara biyu da suka wuce. Ita ce duk abin da na mallaka mai numfashi.

Ya ce, "Gobe da ita za a fara. Ita kaɗai. In ta kwana bakwai tana kiwo, sai ka bi rugage ka janye maganarka."

Da safe aka shigar da ita shingen da aka kafa don ɗaruruwa. Malamin dabbobi ya yi mata allura, ya tsaga mata kunne alamar an yi. Sauran maganin ya lalace a akwati, malamin ya aika a kawo wani. Motar majigi ta wuce zuwa Giade ba tare da ni ba. Kwana na huɗu karsanar ta ƙi ci, jikinta ya yi zafi, ido na ruwa, kamar na shanun cikin fim. Na je wurin malamin, ya ce haka allurar take yi, za ta warware. Na ce, "In ba ta warware ba fa?" Ya ce wasu kaɗan ba sa warwarewa. Na ce, "To ashe kirarina ba duka ne ƙarya ba." Ya ce in fita masa daga ɗaki. Ardo kuwa kullum da safe yakan zo, ya tsaya a kanta, ya buɗe bakinta ya duba, ya tafi. Kwana na bakwai ta miƙe ta kama karan dawa.

Na shirya kirarin janyewa mai daɗi, na faɗa wa Ardo. Ya ce, "Daɗin bakinka ne ya kawo mu nan. Faɗi yadda yake." Sai na sa wa karsanar igiya, na ɗauki bututu, na bi sawun garkunan da ƙafa ina cewa, "Ni na faɗa, ni na janye. Tawa aka fara yi wa, ga ta tana kiwo."

Numfashi ɗaya ne shi ma, ba ƙarya a ciki. Amma ba ya tafiya sai na ɗauke shi. Duk rugar da na isa, na farkon ya riga ni. A kasuwar Dambam wani mai sayar da igiya ya faɗa mini shi daidai, kalma ba ta faɗi ba, ya ƙara da cewa shi da idonsa ya ga gawar shanu a ƙyalle. Na nuna masa karsana, ya ce wannan ai ɗaya ce, shi ya ga goma. Ga abin da ba a koya mini ba, ku ma ban ga ana koya muku ba: kirari mai kyau ba ya jiran mai shi, kuma ba shi da maɓallin komawa baya.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina yawo. Garke uku suka dawo Udubo aka yi musu allura. Na huɗun, na wani Jauro Sambo, ya riga ya yi nisa gabas, ban cim masa ba. A ofis aka karɓe bututuna shekara guda, aka ba ni aikin naɗe faifai bayan kowane kallo, kuma aka sa doka a motarmu cewa ba a yi wa fim kirari sai mai inji ya nuna inda kan zaren yake.

Jauro Sambo ya dawo da faɗuwar damina. Bushiya ta same shi a can, ya shigo Udubo da shanun da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na ja karsanar na kai masa aro, irin wanda Fulani ke ba wanda garkensa ya ƙare. Ya duba tsagar kunnenta, ya karɓi igiyar. Ta haifa masa maruƙa uku, sannan ya aiko mini da ita Azare, kamar yadda al'adar aron take.